Ciwon Ummi a Jirgi Mai Araha

Sai da muka sauka a filin jirgin wata ƙasar Larabawa, inda za mu canja jirgi, sannan muka san irin tikitin da aka sayar mana.

Mu huɗu ne: ni, da maigidana Malam Sagir wanda ya sami gurbin ƙaro karatu a Malesiya, da 'yarmu Ummi mai shekara bakwai, da Sadik da nake goyo. Makarantar da Malam yake koyarwa kuɗin jirginsa shi kaɗai ta biya. Namu kuwa sai da aka haɗa da keken ɗinkina. Shi ya sa da wani ejan tikitin jirgi mai shago a kusa da kasuwar Tarauni a Kano ya ce akwai hanya mai sauƙi, ba mu tsaya dogon bincike ba. Ya ce jirgi biyu ne kacal, kaya za su bi mu har can, abinci kuma sai mun ture. Har da cewa manyan mutane ma yanzu ita suke bi.

Ummi sikila ce. Duk wadda ta raini mai wannan lalura ta san sanyi da ƙishirwa su ne manyan abokan gaba. Maƙwabciyarmu a Gyadi-Gyadi, Sista Rahila mutuniyar Kagoro, ma'aikaciyar jinya ce, ita take sa wa Ummi ƙarin ruwa tun tana rarrafe. Kafin mu taho ta ja mini kunne: in dinga ɗura mata ruwa, kada in bar sanyi ya taɓa ta. In ciwo ya tsaya a ƙafa ko a hannu, a lallaɓa da magani da ɗumi. In ya hau ƙirji, kada in jira kowa.

A teburin masu canjin jirgi, wata ma'aikaciya ta duba takardunmu ta ce ai ba tikiti ɗaya ba ne, biyu ne daban-daban, kamfanonin ma ba su san da juna ba. Akwatunanmu suna can ƙasa, sai mun fita ta wajen jami'an shige da fice mun ɗauko, sannan mu sake shigowa. Fita kuma sai da biza, mu kuwa ba mu da ita. Malam ya yi mata bayani da Turanci, ya sake maimaitawa a hankali. Ta ce ta ji, amma ba aikinta ba ne, ta yafito na bayanmu.

Malam ya kira ejan. Ya ɗauka ya ce yana masallaci, yanzu zai kira mu. Daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Muna tsaye cirko-cirko sai ga wani baƙin mutum da 'yar riga ruwan ɗorawa irin ta ma'aikata, da kati rataye a wuya. Ya yi murmushi ya ce, "Sannu, Alhaji. Yaya hanya?" Iyakar Hausarsa ke nan, amma wallahi a wannan wuri ji na yi kamar ɗan uwana na gani. Ya koma Turanci ya ce kullum sai ya yi wa 'yan Najeriya wannan aiki, shi yana da izinin fita, zai ɗauko kayan ya miƙa su ga jirgi na biyu. Ya karɓi 'yan takardun shaidar akwatunan, ya karɓi mafi yawan dalar da muke riƙe da ita, wai kuɗin awo. Ya nuna mana wani ginshiƙi ya ce mu jira shi a nan.

Mun jira. Muka yi azahar a nan, ɗaya ya je ya dawo, ɗaya ya je, don kada mutumin ya zo bai tarar da kowa ba. Duk mai riga ruwan ɗorawa da ya ɓullo sai Malam ya miƙe. Daga baya ya daina miƙewa. Da ya je ya kwatanta mutumin ga wani ɗan sanda, sai ɗan sandan ya tambaye shi sunan mutumin da lambar katinsa. Malam bai san ko ɗaya ba, ya dawo ya zauna.

A cikin akwatunan nan akwai duk abin da muka ɗauka zai zama gida a gare mu: kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yajin da mahaifiyata Inna ta daka da hannunta a Darmanawa, da atamfofina, da littattafan Malam, da takalman makarantar Ummi.

Zauren jiran kamar cikin firji. Kujerun ƙarfe ne, ko ta cikin zani sai ka ji sanyinsu. Na shimfiɗa wa Ummi ɗan bargonta, na sa mata rigar sanyi, ina cika falas a famfon sha ina ba ta. Dambun nama da cincin ɗin da ke jakar hannu su muka ci. Mutane iri-iri suna ta wucewa da akwatuna masu taya, babu mai kallon wani. Sai na tuna a daidai wannan lokaci a layinmu 'yan a-daidaita-sahu suna ta hon a bakin titi, mai awara ta dasa kaskonta, yara suna dawowa daga Islamiyya suna ture-ture. Hayaniyar da kullum nake ƙorafi a kanta, ran nan da za a sayar mini da ita da na saya.

Da aka kira jirginmu aka sake sabon lale. A ƙofar shiga akwai sikeli. Aka ce tikitinmu bai haɗa da kaya ba ko kaɗan, jakar hannu ma ƙarama ɗaya aka yarda. Ragowar dalar ta tafi a nan. Babbar jakar hannunmu suka ce sai dai ta bi ta ƙasan jirgi. Zafin jiki ya sa Ummi ta tuɓe rigar sanyin ɗazu, na cusa ta a ciki tare da bargon. Mutane suna matsa mu ta baya, Sadik yana kuka, na samu na fizgo magunguna da kayan canjinsa, aka janye jakar. Gaba kaɗan kuma aka sake bincike, aka tuttular da ruwan falas ɗin a wani bokiti.

Muna cikin layin ƙarshe Ummi ta ja gefen hijabina. Ta ce gwiwarta. Ba ta yi kuka ba, amma na ga yadda ta ɗage ƙafar daga ƙasa, na kuma san wannan tsayuwar.

"Abban Ummi," na ce, "ƙafar ta fara."

Ya durƙusa ya dafa gwiwar, ya dubi idonta. Sannan ya miƙe ya yi ƙasa da murya. Ya ce in muka faɗa musu ba za su bar mu mu hau ba, tikitin kuma ba a mayar da kuɗinsa. A nan ba mu da biza, ba mu da kuɗi, ba mu san kowa ba. A can kuwa abokinsa yana jiranmu, akwai asibitin jami'a. Na ce in kuma ya tashi muna sama fa? Layin yana ta matsawa.

"Sa'a, ke kika fi sanin jikinta," ya ce. "In kin ce mu tsaya, mun tsaya."

Na ji haushinsa a lokacin, don ya ɗora mini kayan da shi ma ya kasa ɗauka. Na waiwaya na dubi zauren nan mai sanyi da kujerun ƙarfe. Na dubi ƙofar jirgi. Na ba Ummi magani ta haɗiye da yawu, na sunkuya na ce mata ta daure ta taka da kyau har mu wuce matar can mai duba fasfo. Ta cije leɓe ta taka. Matar har ta yi mata murmushi.

A cikin jirgi muka tarar an warwatsa mu, ashe zama kusa da naka ma saye ake. Malam can ƙurya ta baya, ni da Sadik a tsakiya, Ummi can gaba tsakanin wasu maza biyu. Ma'aikaciyar jirgin, wata 'yar siririya da ba ta wuce ƙanwata ba, ta ce kowa ya zauna inda aka ba shi, sai an tashi a duba. Na roƙi mutumin da ke gefena ta taga, wani mai kwat. Ya ce shi ya biya kuɗin tagarsa, ya toshe kunnuwansa da abin jin sauti.

Yawancin fasinjojin mata ne 'yan Indonesiya, masu aikatau a gidajen Larabawa, za su koma gida. Ta ɗaya gefen nawa wata 'yar gajeruwa ce mai koren hijabi, za ta girme ni kaɗan, hannuwanta duk sun yi kanta. Ta ga ina ta leƙen gaba, sai ta tambaye ni da Larabci ko 'yata ce. Ɗan Larabcin da na tsinta a Islamiyya, wanda ban taɓa zaton zan yi magana da shi ba, shi ya fito. Na ce na'am. Ta yi wa wata 'yar uwarta magana da yarensu, aka yi 'yan canje-canje tun kafin ma'aikaciyar ta juyo. Sai ga Ummi a gefena, ita kuma matar ta koma kujerar tsallaken hanya, inda hannu zai iya kaiwa.

Jirgi na ɗagawa sanyi ya sauko. Na nemi bargo, aka nuna mini hotonsa a wani littafi da farashi a ƙasa. Na nemi ruwa, shi ma haka. Na miƙa katin bankinmu, na'urar ta ƙi shi. Na fito da naira, ma'aikaciyar ta juya ta gaba da baya ta miƙo mini, ta ba ni haƙuri. Da na nuna mata magani ta kawo ruwa a ɗan kofi, wanda bai fi kurɓa uku ba. Tafiyar da ke gabanmu kuwa ta kusan yini guda ce.

Na kwance zanin goyon Sadik na naɗe ƙafafun Ummi, na cire safata na sa mata a hannu. Ina murza gwiwar ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ciwon ya bar gwiwa ɗaya ya kama biyu, ya gangara ƙugu. Ummi ba mai ihu ba ce, wani siririn nishi take yi, kamar na ɗan mage. Leɓɓanta suka bushe. Sadik kuma ya ƙi zama, yana ta zillo yana neman nono.

Matar mai koren hijabi ta taɓo ni ta tambaya ko yarinyar ba ta da lafiya. Ban san sunan sikila da Larabci ba. Na ce jini. Na ce sanyi. Na ce ruwa. Kalmomin da nake da su ke nan.

Ta kwance bel ɗinta ta miƙe a tsakiyar hanya, ta ɗaga murya ta yi magana da yarensu, gaba da baya. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Can sai kaya suka fara zuwa hannu da hannu ta saman kujeru: zannuwa masu zanen furanni, da safa, da wata jibgegiyar rigar sanyi ta maza, da robobin ruwa, wasu cike wasu an sha rabi, da burodi, da dabino. Wata tsohuwa ta kwance bakin gyalenta ta sayi manyan robobi biyu ta aiko. Mai koren hijabin ta miƙo hannu ta ɗauke Sadik daga cinyata kamar ta saba da shi, shi kuma ya yi luf a ƙirjinta.

Ma'aikaciyar nan da ta mayar mini da naira ta tsaya tana kallo. Sai ta karɓi falas ɗina da robobin da suka ƙare ta tafi. Ta dawo da su cike da ruwan zafi, ta naɗe kowace a tsumma, ta durƙusa ta jera su a jikin ƙafafun Ummi da kanta. Ba ta fito da na'urar kati ba.

Aka sami sauƙi na ɗan lokaci, har Ummi ta yi gyangyaɗi. A nan ne matar ta nuna mini hoton 'yarta a wayarta, da kayan makaranta, sa'ar Ummi. Ta nuna Sadik ta ce kamar haka ta bar ta. Tun daga lokacin 'ya'yan wasu take raino, tata kuwa sai a waya. Ta ce tana tsoron in ta isa yarinyar ta ɓuya a bayan kakarta. Na riƙe hannunta.

Ummi ta farka da tari. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta.

"Umma, nan ma."

Numfashinta ya koma gajere-gajere, jikinta ya ɗau zafi. Na danna maɓallin kira na ƙi sakewa. Na miƙe na ƙwala wa Malam kira da sunansa, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Keken abinci ya tare hanya, ban san yadda ya yi ya tsallake shi ba, na dai gan shi a durƙushe a gabanmu.

Shugabar ma'aikatan ta zo, wata babbar mace mai tabarau. Malam ya faɗa mata komai: sunan cutar, da magungunan da take sha, da abin da ake tsoro in ciwo ya hau ƙirji. Ta saurara, sannan ta tambaya ko ciwon ya fara tun kafin mu hau. Ni na fahimci tambayar, na sunkuyar da kai. Malam ya ce e, ya fara. Ta dube shi, ta dube ni. Ta juya ta ɗauko tukunyar iskar oksijin ta sa wa Ummi robar a hanci.

Aka yi shela ko akwai likita a cikin jirgi. Aka sake yi. Babu wanda ya miƙe. Shugabar ta riƙa kai da kawo tsakaninmu da matuƙi, tana auna zafin jikin Ummi, tana maƙala mata wani ɗan abu a yatsa tana karanta lamba. Ta ce matuƙi yana magana da likitoci a ƙasa. Daga bisani ta dawo ta ce a kan teku muke, filin da ya fi kusa bai fi inda za mu kusa da wani abin kirki ba, don haka za a ci gaba, an kuma nemi a ba mu hanya mu riga kowa sauka.

Sai jirgin ya shiga gargada. Aka kunna alamar ɗaura bel, aka ce kowa ya koma mazauninsa. Malam ya ce ba inda za shi. Ana cikin ja-in-ja, mutumin nan mai kwat ya zare abin kunnensa, ya tattara kayansa, ya tambayi Malam lambar kujerarsa, ya wuce baya. Bai kalle mu ba, mu ma ba mu sami bakin yi masa godiya ba.

Abin da ya rage na tafiyar ba zan iya cewa ga tsawonsa ba. Idona yana kan ƙirjin Ummi, yana ɗagawa yana sauka, ina jin in na ɗauke ido zai tsaya. Malam ya riƙe robar iskar da hannu ɗaya, ɗayan yana kan goshinta. Tukunya ta ƙare aka kawo wata. A bayana da gabana matan nan suna ta addu'a ƙasa-ƙasa, kuma duk da bambancin harshe na ji suna kiran Ya Shafi, kamar yadda Inna take yi. Sau ɗaya Ummi ta buɗe ido ta tambaya ko mun kusa. Na ce mun kusa. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa.

Da tayoyin jirgi suka taɓa ƙasa babu wanda ya tashi. An roƙi kowa ya zauna, kuma suka zauna, jirgi guda cur. Ma'aikatan lafiya suka shigo da keken marasa lafiya suka ɗauki Ummi yadda take, a naɗe cikin zannuwan mutane. Na fara ƙoƙarin warewa in mayar wa masu su, matan suka yi ta ɗaga hannu suna nuna mini ƙofa.

Mai koren hijabin ta biyo mu da Sadik har bakin ƙofar da motar asibiti take jira, inda aka ce iyakarta ke nan. Akwai wani jirgin a gabanta kafin ta isa garinsu. Ta sumbaci kansa, ta ɗora mini shi a baya, ta kama bakin wani zani ta taya ni ɗaurewa. Ta ce, "Fi amanillah." Sai da motar ta tashi na tuna ban tambayi sunanta ba.

A asibiti likita ya ce ciwon ya fara taɓa huhu, an kawo ta a kan gaɓa. Aka yi mata ƙarin jini, aka sa ta a ɗaki mai na'urori. Abokin Malam da matarsa, mutanen Ƙauyen Alu, su suka riƙa kawo mana abinci da kayan sawa, don daga mu sai abin da ke jikinmu. Jakar da aka karɓe a ƙofar jirgi ta fito. Akwatunan kuwa har yau. Shagon ejan ma, da ƙanina ya je, ya tarar ana sayar da kayan waya a ciki.

Kwanakin farko Ummi ba ta san inda take ba. Malam bai zauna ba, bai kuma yi maganar ƙofar jirgin nan ba, ni ma ban tayar ba. Shi ne mai zuwa wajen likita, shi ne mai sayo magani, fuskarsa a ɗaure kamar mai jiran hukunci.

Ran da aka cire mata robar hanci, da hantsi ne, ana ruwan sama. Ta tashi zaune ta sha shayi, ta daɗe tana kallon wasu dogayen itatuwa ta taga, irin waɗanda ba mu da su. Sannan ta juyo.

"Umma, in Abba ya gama karatun, babu motar Kano daga nan?"

Na ce babu, akwai teku a tsakani.

"To ni sai na girma zan koma," ta ce.

Malam ya yi dariya, karon farko tun da muka baro gida. Ya shafa kanta ya ce bari ya je ya dawo. Ƙofar ɗakin tana da gilashi. Ta nan na hango shi a baranda, ya haɗa goshinsa da bango, kafaɗunsa suna rawa.